Shin Kindirmon Gida Maganin Ciwon Ciki Ne, Ko Abinci Ne Kawai?

Me ya sa mutum zai sha kofi ɗaya na shayi mai kaurin madara, kafin ya isa gona cikinsa ya ɗauki ƙugi kamar hadarin tsakiyar damina, amma wannan mutumin dai ya sha ƙwarya guda ta fura da nono ya wuni garau? Kuma idan nonon da ya yi tsami yana zama a cikin da madara ta kasa zama, shin gaskiya ne abin da ake ta turawa a WhatsApp da TikTok, cewa yogot ɗin da aka kwantar a gida tsawon awa 24 yana warkar da olsa da basir da kumburin ciki?

Magana biyu ce ke karo da juna a yanzu. Ɓangare guda ya mayar da kindirmo maganin duk wata cuta da ke tsakanin maƙogwaro da mara. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi daɗewa a ƙauyukanmu, cewa yake duk mai ciwon ciki ya yi sallama da nono, wai yana tayar da olsa, yana kawo taifot. A ƙasar Ringim da Taura kuwa, inda fura take abincin rana ga manomi da tsohuwa da mai jego, ka ce wa mutum ya bar nono ba ƙaramin hukunci ka yanke masa ba.

Na ga haka a gidanmu. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta daɗe tana fama da murɗa da iska duk ranar da aka haɗa mata shayi da madarar gwangwani. Wani mai kemis ya ce mata olsa ce, ta bar duk abin da ya fito daga saniya. Ta bi maganarsa kusan shekara biyu, tana dama furarta da ruwa da 'yar tsamiya, har ta faɗa, ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ranar da na ce mata, "Gwaggo, ko za ki gwada ludayi biyu na kindirmo bayan kin ci tuwo?" sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, so kake ka kwantar da ni?" Na lallaɓa ta har ta gwada. Ba abin da ya same ta. Ashe abu guda ne tak a cikin madara cikinta ya ƙi.

Sukarin da ke cikin madara

Madarar saniya da ta akuya da ta raƙuma, har da nonon uwa, duk suna ɗauke da wani sukari na musamman da masana ke kira laktos. Shi ne ɗan zaƙin nan da ake ji a madarar da aka tatso yanzu-yanzu. A madarar shanu ya kusa kashi 5 cikin 100, wato kofi mai cin rubu'in lita yana da kimanin giram 12. A nonon uwa ya kai kashi 7.

Wannan sukari tagwaye ne a manne, gulukos da galaktos, kuma jiki ba ya iya zuƙarsu sai an raba su. Mai rabawar wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji ke samarwa, sunansa laktes. Jariri yana zuwa duniya da shi a wadace, tunda nono ne kaɗai abincinsa. Bayan yaye sai sinadarin ya fara ja da baya a jikin yawancin mutane, a hankali, ba tare da sun lura ba. Kusan mutum biyu cikin kowane uku na manyan duniya haka suke. Saboda haka wanda madara ke ɓata wa ciki ya kwantar da hankalinsa, yana cikin masu rinjaye.

Idan laktes ya yi ƙaranci, sukarin sai ya wuce ƙaramin hanji yadda ya shiga, ya faɗa babban hanji. A can yana janyo ruwa, shi ya sa bayan gida ke tsinkewa. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin kuma su far masa, su ci, su saki iska. Iskar nan ita ce kumburin, ita ce ƙugin, ita ce ke karya wa dattijo alwala yana tsakiyar sahu. Yawanci abin yakan taso tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha, ya lafa da kansa. Akwai takura da jin kunya a cikinsa, amma ba ya yi wa hanji rauni.

Akwai kuma na wucin gadi. Yaron da ya yi doguwar gudawa ko tamowa, bangon hanjinsa yakan goge, laktes ya ragu na wasu makonni. Idan hanjin ya warke sai abin ya dawo daidai. Iyaye da yawa sukan yanke cewa yaronsu "ba ya shiri da nono" har abada, alhali jinya ce kawai bai gama farfaɗowa daga ita ba.

Me ya sa Bafulatani ke kwankwaɗar madara ba ya jin komai?

Gado ne. Al'ummomin da suka shafe dubban shekaru suna rayuwa a kan kiwo da tatsa, irin su Fulani, da Masai na Kenya da Tanzaniya, da Larabawan jeji, da mutanen arewacin Turai, da yawansu laktes ba ya raguwa a jikinsu har tsufa. A 1971 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a nan Najeriya, wanda Norman Kretchmer na jami'ar Stanford ya gudanar tare da likitan yara Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya. Sun gano cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali kusan duk manyan Yarbawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa.

Mu mazauna ƙauyukan noma, da auratayya ta gauraya mu da Fulani tun kaka da kakanni, a gida ɗaya sai ka sami wa yana shan madara kamar ruwa, ƙaninsa kuwa cokali uku ya ishe shi wahala.

Abin lura a nan shi ne, kakanninmu ba madara suke sha ba, nono suke sha. Ba su san sunan laktos ba, amma abincinsu ya riga ya kauce masa. Abin da ya sauya shi ne teburin mai shayi a bakin tasha da 'yar ledar madarar gari da ta shiga kowane kanti. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin madarar gari laktos ne. Ta gwangwani kuma an ƙafe kusan rabin ruwanta, don haka sukarinta ya ninka. Wanda ya ce wa mai shayi "a yi mini kauri" da safe, ciki babu komai, ya haɗa wa hanjinsa aikin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwarya tsakanin magariba da asuba

Idan mace ta zuba ludayin nonon jiya a cikin madara mai ɗumi ta rufe da faifai, abin da ta zuba rayayyun ƙwayoyin halitta ne, miliyoyinsu, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu kuwa shi ne wannan sukarin. Suna cinsa suna mayar da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa furotin ɗin madara ya dunƙule, da asuba a buɗe a tarar ya kwanta luf, har ana iya yankarsa da ludayi.

A yogot na kamfani nau'i biyu ake zubawa, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Na farkon wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, shi ya fara gano shi a 1905. Kindirmonmu kuwa taron dangi ne, nau'o'in bakteriya masu tsami iri-iri da ɗan yis, kuma kowace ruga da nata. Shi ya sa masu saye a kasuwar Gujungu ko Wudil suke da wadda suke nema, su ce nonon wance ya fi garɗi.

Ta hanya uku wannan aiki ke sauƙaƙa wa mai ƙarancin laktes. Ta farko, ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kwanciyar da aka saba. Wannan ita mutane suka fi sani, amma ba ita ce babba ba, domin ka ga ai mafi yawan sukarin yana nan. Babbar ita ce ta biyu: ƙwayoyin suna ɗauke da nasu sinadarin raba laktos a jikinsu, kuma idan aka sha su da rai sukan isa ƙaramin hanji su ci gaba da aikin a can, su yi wa mutum abin da hanjinsa ya gaza. Wani bincike da aka yi a jihar Minnesota ta Amurka, aka buga a 1984, ya nuna haka ƙarara: mutanen da madara ke wahalarwa sun sha yogot mai adadin sukari iri ɗaya, iskar da hanjinsu ya samar ta ragu sosai. A 2010 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a hukumance cewa rayayyun ƙwayoyin yogot suna taimaka wa narkar da laktos. Ta ukun kuma kauri ne. Abu mai kauri a hankali yake barin tumbi, sai hanji ya riƙa karɓarsa kaɗan-kaɗan. Idan aka dama shi da furar gero, tafiyar ta ƙara yin sannu.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ba kowane abu mai suna yogot ke yin wannan amfani ba. Wanda aka sake dafawa bayan ya kwanta don ya yi watanni a kanta ba firiji, ƙwayoyinsa sun mutu. Na leda da ake haɗawa da madarar gari da sitaci da sukari da ƙamshi, a daskarar da shi tun bai yi tsamin kirki ba, wannan kusan madara ce a cikin wata riga. Mutum ya sha cikinsa ya ɓaci, ya ce yogot ma bai karɓe shi ba.

Maganar awa 24

Wannan dabara ta fito ne daga wani tsarin cin abinci da masu fama da kumburin hanji mai daɗewa ke bi a Amurka da Kanada. Tushenta gaskiya ne, domin gwargwadon daɗewar nono a ɗumi, gwargwadon sukarin da ƙwayoyin za su cinye. Amma akwai iyaka. Idan tsami ya yi yawa, su kansu ƙwayoyin sukan yi sanyi su rage aiki, don haka ba a iya rantsuwa cewa sukarin ya ƙare ƙaf.

Sannan masu wannan tsari suna da na'urar da ke riƙe zafi daidai dare da rana, da firijin da ba ya ɗaukewa. Ka ɗauki wannan lissafi ka kawo shi Haɗeja ko Gumel a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka bar ƙwarya kwana da wuni. Abin da za ka tarar ya yi tsami kamar tsamiya, ya tsinke, ruwa a sama gudaji a ƙasa, wani lokaci har da kumfa da warin giya. Mai ƙwannafi ya sha wannan, ƙirjinsa ne zai gaya masa.

Kuma ma ba a buƙatar sukarin ya ƙare. Wani kwamitin masana da cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta tara a 2010 ya tabbatar da cewa yawancin masu ƙarancin laktes suna jure giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa mai yawa ba, musamman idan tare da abinci ne. A ganina, dare ɗaya, wato awa 8 zuwa 12, ya wadaci mafi yawan mutane. Wanda cikinsa ya fi saurin tashi, akwai hanyar da ta fi jira amfani: ya juye kindirmon a farin ƙyalle mai tsabta, ya ɗaure ya rataye awa biyu ko uku a inuwa. Ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa da ke ɗiga yana tafiya da kaso mai yawa na sukarin, abin da ya rage a ƙyallen ya fi kauri, ya fi sauƙi a ciki.

Yadda ake kwantar da shi

Na taɓa zama na kalli wata dattijuwa a wata ruga da ke bayan garinmu tana wannan aiki, kuma duk abin da littattafan kimiyyar abinci ke faɗa na gan shi a hannunta. Da aka kawo tatsar yamma, ta fara tace ta da ƙyalle, gashin saniya da ɗan ƙasa suka tsaya a sama. Ta ɗora tukunya a murhu da wuta kaɗan, tana juyawa kada ta kama, har madarar ta taso ta rage wuta ta bar ta tana ɓararraka a hankali. Ƙwaryar da za ta zuba tun safe aka wanke ta aka kife a rana a kan danga. Ta juye, ta bar ta ta sha iska. Can sai ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta, ta gyaɗa kai, ta ɗebo rabin ludayi daga nonon jiya ta zuba, ta juya sau biyu kawai, ta rufe da faifai ta kai lungun bukka. Na miƙa hannu zan ɗaga faifan in leƙa, ta ce, "A'a Malam, bar shi. In ana buɗe shi ba ya kwanciya." Na ce, "To Inna, na bari."

Ga abin da ta yi a lissafin zamani. Barin madara a bakin tafasa na minti biyar zuwa goma yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma sauya furotin ɗin yadda zai kwanta da kauri ba tare da tsatsafar da ruwa ba. Ɗumin da ta auna a bayan hannu shi ne digiri 42 zuwa 45, ɗumin da za ka ji shi sosai amma bai ƙona ka ba. Idan ya fi haka zafi, irin, wato nonon jiya da aka zuba, zai mutu. Idan ya huce da yawa, irin zai yi nawa, wasu ƙwayoyin banza su riga shi. Yawan irin kuwa, babban cokali biyu ya ishi lita ɗaya. Masu cika iri da zaton zai fi kauri, gudaji da tsami suke samu.

Yanayi yana sauya lissafi. Da bazara awa biyar ko shida ya kwanta, sai a yi maza a kai shi wuri mai sanyi. Da hunturu, a darare irin na Disamba da Janairu, ƙwarya takan huce kafin aikin ya kankama, a wayi gari madara na nan tsululu. Maganinsa a zuba a kwano mai murfi a saka cikin kular abinci, ko a naɗe da bargo, ko a ajiye kusa da murhu bayan wuta ta mutu.

Wanda ba ya kusa da ruga zai iya da madarar gari. A dama ta da ruwan da aka tafasa, daidai awon da ke jikin leda ko gwangwanin, kada a ƙara gari don neman kauri, domin ƙarin gari ƙarin laktos ne. Sukari kuma sai an zo sha. Irin farko a samo shi daga kindirmo mai kyau na ranar, ko yogot marar zaƙi da ke cikin firiji. Ana iya ɗibar iri daga na yau a yi na gobe, amma da zarar ya fara yauƙi, ko wari, ko canza launi, a zubar a nemo sabo.

Akwai wani dalilin ƙin kwanciya da mata kan ɗora wa baki ko sa hannun wani. Idan an yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin oksitetirasaikilin da makiyaya ke yawan saye a ranar kasuwa, maganin yana fita ta cikin nononta na wasu kwanaki, kuma yana kashe irin. Madarar da ta ƙi kwanciya saboda haka bai kamata a sha ta ba ma. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira.

Ajiya ita ce matsalar ƙauyen da ba wuta. A nan dabarar Mohammed Bah Abba, malamin makaranta da ya koyar a jiharmu ta Jigawa, tana da amfani, wato tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, dabarar da ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Da rani, lokacin da iska ta bushe, tana sanyaya abu sosai. Duk da haka ba ta kai firiji ba, gara a kwantar da abin da za a shanye a yini ɗaya.

Tafasawa ce gaba da komai

Idan za a manta da duk abin da na faɗa, kada a manta da wannan. Wasu suna kwantar da ɗanyar madara kai tsaye, suna ganin tsami zai kashe komai. Tsami yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba a dogara da shi a kan biyu masu haɗari da ke cikin shanunmu: tarin fuka na shanu, da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa saniya ɓari. Bakkale idan ta kama mutum, zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi. Sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifot wata da watanni ba sauƙi. Mai ciwon ciki da ya nemi lafiya a kindirmo, bai kamata ya kwaso wannan ba.

Zancen cewa nono yana kawo taifot kuwa, a yi wa saniya adalci. Ƙwayar taifot a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, ta bayan gidansa take fita. Hanyarta zuwa ƙwarya ita ce ruwan da aka sirka nonon da shi, da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, da hannun da bai ga sabulu ba, da ƙuda. Kindirmo mai tsabta da aka dama da ruwan kududdufi ya tashi daga aiki. Masu tallar nono da yawa suna dafawa, kuma ba laifi ba ne mai saye ya tambaya. Idan masu saye suka saba tambayar "an dafa?", mai dafawa ce za ta ci kasuwa, kuma wannan ya fi alheri ga matan ruga fiye da a riƙa tsorata mutane da nono baki ɗaya, alhali da kuɗinsa suke sayen gishiri da sabulu da maganin yara.

Inda kindirmo bai kai ba

Olsa gyambo ne a bangon tumbi ko farkon hanji. Manyan dalilanta biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da cutar har aka ba su kyautar Nobel a 2005, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikilofenak, waɗanda manomi kan haɗiya bayan wunin noma kamar gyaɗa. Nono yana sanyaya zafin na ɗan lokaci, shi ya sa ake zaton magani ne, amma ba ya kashe ƙwayar. Ana kashe ta ne da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 bayan an yi gwaji. Mai olsa yana iya shan kindirmo marar tsami sosai a matsayin abinci idan bai tayar masa ba. Ya bar maganin asibiti ya dogara da shi, wannan ganganci ne.

Akwai kuma borin jini da furotin ɗin madara ke jawowa, wanda ya fi yawa a ƙananan yara. Alamarsa ƙuraje da ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, amai, wani lokaci toshewar numfashi. Wannan ba ruwansa da sukari, kuma kwantarwa ba ta cire furotin. Mai irin wannan ba ya shan kindirmo, ba ya shan yogot, ko na awa nawa ne.

Game da gudawar yara, abin da ke ceton rai shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, da ci gaba da shayarwa. Ba a cire yaro daga nonon uwa saboda gudawa, kuma ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi komai sai shi. Amma ga yaron da ya fara cin abinci, gudawa ta kai mako biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a maye madarar dabba da nono mai tsami irin yogot. A nan kindirmon da aka dafa, aka kiyaye tsabtarsa, yana da gurbi na gaske.

Masu shan sifurofuloksasin ko tetirasaikilin su sani cewa kalsiyam da ke cikin nono yana riƙe waɗannan magunguna ya hana jiki zuƙarsu. Kada a kora su da fura, a bar tazarar awa biyu aƙalla. Wanda kuma yake ganin jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko ciwon da ke tashinsa daga barci, wannan ba maganar laktos ba ce, asibiti zai nufa tun da wuri.

Yadda mutum zai gane matsayinsa

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A bar madara da nono da shayi mai kauri gaba ɗaya na mako biyu. Idan kumburi da ƙugi suna nan yadda suke, to laifin ba na madara ba ne, a nemi dalili a wani wuri, ko wake, ko tsutsar ciki, ko wata cuta. Idan ciki ya lafa, sai a dawo da kindirmo ludayi biyu bayan an ci abinci, a yi kwana uku a haka, a ƙara kaɗan. Shan kaɗan kullum yana sa ƙwayoyin babban hanji su saba, jurewar ta ƙaru.

Man shanu kusan babu laktos a cikinsa, ba dalilin hana shi a miya. Madarar akuya da ta raƙuma suna da shi, kada a ruɗi mutum da cewa babu. Wanda ko tataccen kindirmo ya ƙi karɓa, ga waken suya da ake nomawa a Kano da Jigawa: madararsa ba ta da laktos ko kaɗan, kuma idan aka dafa ta sosai aka sa ɗan sukari da iri, ita ma tana kwanciya, ko da yake ba ta kai ta shanu garɗi ba.

Gwaggo yanzu rabin ƙoƙo take sha da azahar, a dama mata da fura da ruwan randa da aka tafasa, jikinta ya dawo. Ita da kanta take dafa madarar, ba ta yarda jikokinta su ɗaga faifan ba. Shayinta kuwa har yau baƙi take sha, da citta da kanumfari.